Ranar Hukunci a Agege

Alƙali ya ce Tanimu ya aikata.
Kafin la'asar maganar ta hau danfo daga Ikeja,
ta sauka Agege da ƙafafu goma.

Mai shayi ya ce, "Allah ya ƙara!"
bai daina juya cokali ba.
Iya Ronke mai gasa masara ta tofar da yawu:
"Ƙaninsa fa, ciki ɗaya, a kan fili!"
'Yan acaba na gardamar igiya ce ko rai-da-rai
har fasinja ya wuce su.

Inna Lantana kuwa tana bakin ƙofa.
Ɗaya a maƙabarta, ɗaya a Kirikiri.
Ta auno shinkafa mudu guda, kamar kullum,
sai ta tsaya,
ta mayar da fiye da rabi cikin buhu.