Kashi na Goma Sha Ɗaya

A Valparaíso, inda gidaje ke rataye a tudu suna leƙen teku,
shekara talatin da huɗu ina kunna majigi a silimar Don Eleuterio.
Griselda sunana. Ɗakina can sama,
tagarsa ba ta fi tafin hannu ba,
amma ta nan na san ƙeyar kowa a unguwa.

Na farkon ya zo mana cikin gwangwani shida.
Ba a nuna dodon ba.
Ƙofa ce kawai mai kuka a hankali,
da jiƙaƙƙen sawu a kan matakala:
ɗaya,
biyu,
na ukun bai taɓa sauka ba.
Mutum ɗari huɗu suka riƙe numfashi
har na ji zaren fim yana lasar ƙarfe.
Baldomero masunci, wanda teku ta kifar sau biyu ya dawo,
mako guda yana kwana da fitila;
matarsa ce ta tona masa asiri a wajen sayen burodi.

A na biyu suka nuna hannunsa. Muka yafe.
A na uku, fuska.
Ashe roba ce, ga ɗinki nan a bayan kunne.
Daga nan aka samo masa uwa, aka samo masa dalili,
wai an zalunce shi yana yaro.
To, wa ya tambaya?
Duhu ba ya bukatar takardar haihuwa.

Sun ƙone shi, tsawa ta tashe shi.
Sun binne shi a siminti, wani lebura ya tono.
Har sararin samaniya sun kai shi,
ya bi 'yan sama jannati da gatari a hannu,
ni kuwa na kifa kai a kan injin ina dariya
har fim ya tsinke, aka yi mini ihu daga ƙasa.
Na goma suka rantse shi ne na ƙarshe.
Rantsuwar mai kanti.

Ido, wa ka raina? Wanda nake gani kullum.
Saniyar da aka tatsa har jini,
jinin ma ya tsinke, ya koma ruwan tumatir.

Daren jiya aka kawo na sha ɗaya.
Ba gwangwani, ba zare; maɓalli ɗaya na danna, na naɗe hannu.
Mutum tara na ƙirga.
Biyu soyayya ta kawo su, ɗaya ruwan sama.
Hasken waya ya fi na allo.
Da dodon ya faɗo ta rufi da gangunansa,
jikar Baldomero ta ɗaga masa hannu:
"Kawu, ka dawo?"
Aka fashe da dariya.

Ni ban yi ba.
Na lura yana jan ƙafar hagu.
Ko wane ne a cikin robar nan, gwiwa ta fara cin sa,
irin cin da tawa ke yi mini in sanyi ya taso daga tashar jiragen ruwa.
Na so in leƙa ta tagar in ce masa,
zauna, ɗan'uwa, ka huta,
ni da kai an ci moriyar ganga.

Da aka watse na kashe fitilu.
A ƙofa ga takardar da ɗan Don Eleuterio ya manna:
ƙarshen wata, nan kantin magani ne.
Kujeru ɗari huɗu suka zuba mini ido, bakinsu a naɗe.
Na kama ƙarfen bene na fara sauka cikin duhu,
takalmina jiƙe da ɗigon rufi.
Ɗaya.
Biyu.
Sai na tsaya, ƙafa a sama,
gashin jikina ya tashi
kamar shekara talatin da huɗu ba su wuce ba.