Mudun Layin Masu Agogo

Ranar da suka kafa turakun ƙarfe a bakin layin,
suka ce daga yau ba Adaidaita, ba babur, sai ƙafa,
ranar aka kira ni ofis,
ni Tasi'u mai walda, da baƙin mai a farcena.

Mutum tara a tebur, ruwan roba tara.
Injiniya Balarabe ya buɗe hoto a waya:
wata mace ta dutse a wata ƙasa,
tulu a kafaɗa, ruwa na zuba.
Ya ce, irin wannan muke so.
Malam Kallamu ko kai bai ɗaga ba, ya ce,
abin da ke da ido da hanci, ba dai a layinmu ba.
Aka ce jimina. Tana da rai.
Aka ce dalar gyaɗa. Yaran yanzu wa ya san ta?
Hajiya Ladidi mai atamfa ta duba agogo ta ce,
ku yi ko mene ne, mu dai mu koma shago.

Ni na ce mudu.
Suka yi dariya har kiran la'asar,
sannan suka sa hannu.

Aka ba ni kafin alƙalami,
wani ya rako ni har ƙofa yana tambayar na goro.
Na je Ƙofar Ruwa na sayi cikin tsohuwar tanka.
Wata uku ina dukan ƙarfe,
idona ya yi ja kamar gauta,
har maƙwabta suka gaji da kawo ƙara.
Mudu ya tashi, ya fi rumfar mai shayi,
a karkace, kamar ana juye wa mai saye a buhu.

Ubana awo ya yi a kasuwar Rimi.
Na san yadda ake buga gindin mudu ya shige ciki,
ya riƙa cin loma ɗaya daga kowane gida.
Wannan kuwa sau bakwai na bi gindinsa da guduma
sai da ya shafe kamar faifai.
Ba ya cikin yarjejeniya.

Ranar buɗewa aka yanka ƙyalle, aka danna makunni,
wuta ta ɗauke.
Janareto ya yi tari biyu ya kwanta.
Famfon layin kuwa, rabonsa da ɗigo
tun autana na goye.
Sai ga Hamadu ɗan garuwa da ƙannensa, kura shida.
Suka hau tsani ta baya suna tuttula jarkoki,
ruwa ya zubo ta bakin mudu, aka yi tafi.
Mai hoto ya gyara tsayuwa don kada su fito.

Bayan wata aka haƙa burtsatse, aka sa sola.
Yanzu in rana ta take, mudu na zuba,
in hadari ya haɗo, ya kame bakinsa.

Akwai abu ɗaya da ban nuna wa kwamiti ba:
kan famfo, ta baya, daidai gwiwa.
Nan masu shago ke alwala.
Nan Madam Nkiru mai takalma ke wanke mangwaro.
Injiniya ya ce na ɓata tsarin zane,
cikon kuɗina yana nan cikin fayil, yana hutawa.
Hamadu ya yi mako ba ya amsa gaisuwata,
wai na kashe masa ciniki.
Yanzu shi ke fara layi da hantsi,
ya cika kura ya tura Fagge.

Jiya na bi ta wurin, ba da wani aiki ba.
Wani tsoho da buhun gero rabi a ka
ya sauke, ya kewaya, ya kewaya,
ya miƙa sandarsa ya ƙwanƙwasa gindin mudun,
ya karkata kunne.
Ya sake ƙwanƙwasawa.

Ya ɗauki buhunsa ya wuce,
bai tambayi wanda ya ƙera ba.