Fitowar Farko

A Omdurman, bayan Kasuwar Libiya,
Kawu Sammani ya rubuta wasan
a kan kaset, shekarar ambaliya:
ɗan kwalekwale, kada uku, ɗigo-ɗigo kore.

Wanda ke yawo yanzu na huɗu ne.
Kada ɗaya ya ɓace. Wa ya cire?
Wani mai gyaran rediyo ya rantse
a na farko, ruwan baya yake gudu.

Wata bakwai ina kwance akwatuna.
Ƙarƙashin gadon Hajja Ladidi na same shi,
tawadar Kawu ta koɗe.

Na danna. Ƙiii, kukan inji,
numfashi biyu,
sai muryarta ta hau kai:
"Sammani, ka sauka Jidda lafiya?
Ban sami wani kaset ba sai naka."

Ba ta ma aika ba.