Magini Ya Je Kallon Dodo

Dala talatin na biya a rumfar Nomau, bayan tasha,
ni da Barira, ɗiyar ƙanwata,
wadda ta kwana uku tana jan hannun rigata.
Kuran ya tafi, aka tada inji,
muka zauna bisa bencin da ƙusa ke cizo.

Zan faɗi gaskiya, ko da ni ba yaro ba ne:
sa'ad da ya taka sawun farko
kwanon rumfa ya amsa,
na ji tafiyar a haƙorana.
Ba su nuna shi duka ba, nan suka yi wayo.
Bayan tsauni, sai wutsiya.
Cikin hazo, ido guda, faɗinsa ya kai masaki.
Tsahiru mai gyaran moto, da ba ya tsoron kowa a Mokoyo,
ya bar tsirensa ya huce a hannu.
Wanda ya ƙera fatar nan ya san aiki,
kowane ɓawo da tsagarsa
kamar ƙasan gulbi in rani ya tsananta.
Na sara masa, ni ma da hannu nake ci.

To amma mutanen fa?
Kai, mutanen!
Wani mai farar riga ya tsaya gaban allo
yana bayani, yana bayani,
har mai tallan ƙuli ta shigo ta sayar ta fita.
Jarumi ya faɗo daga bene hawa goma,
ya miƙe, ko ƙwanƙwaso bai dafe ba.
Ni na taɓa zamewa daga tsani mai taki huɗu
a wani gini can Zariya,
wata biyu ina salla zaune.

Gari na rushewa, su biyu sun samu lokacin zance.
Barira ta ce, «Kawu, ba za su gudu ba?»
Na ce, ɗiyata, an biya su su tsaya.

Abin da ya fi ci mini rai, gidajen.
Ya shafe unguwa da gwiwa guda,
yara suka yi tafi,
ni kuwa bakina na ƙirga buhun siminti,
rodi, yashi, kuɗin lebura,
jikka nawa, shekara nawa ta wani bawan Allah.
Ba a nuna mai gida ko ɗaya
yana tone tarkace, neman tukunyarsa.
Ba zaman makoki, ba mai cewa sannu.
Ƙura ta lafa, sai kiɗa.

Na tuna damanar da ruwa ya shigo mana Maradawa da dare.
Ba shi da ido, ba shi da kuka.
Ya lashi gindin katangar da na ɗora da hannuna
har ta durƙusa.
Shi ba a harbe shi da jirgi ba,
kuma da safe mu muka kwashe laka.

Duk da haka, da suka kada shi a ƙarshe,
ya kwanta, numfashi na fita a hankali
kamar tsohon sa a kasuwar dabbobi,
sai rumfa ta yi tsit.
Ashe duk cikin fim ɗin
shi kaɗai ne bai yi mana ƙarya ba:
yunwa yake ji, an tashe shi barci, ya ɓata hanya.

A hanyar gida Barira na tafe tana buga ƙafa,
tana ruri ga awakin da ke kwance bakin titi.
Ta ce, «Kawu, in ya zo Maradi fa?»
Na ce, sai ya fara da ramukan hanyar kasuwa,
in ya tsallake su lafiya, mu yi magana.
Ta ce, «Gobe mu koma?»
Na lalubi aljihu.
Dala goma ta rage, da guntun alli.