Ɗinkin Wuta

Shekara talatin da takwas ina akanta a Gdańsk,
ban taɓa riƙe abin da ya fi kofin shayi zafi ba.
Da na ajiye aiki, sai na sayo tsohon injin walda
a kasuwar Lahadi, na turo shi a baro.
Matata Jadwiga ta dube shi, ta dube ni,
ta ce, "Wiesław, garejin nan fa na katako ne."

Ranar farko sandar ta manne wa ƙarfe
kamar kaska a kunnen kare.
Na ja, ta ƙi. Na murɗa, injin ya yi gurnani.
Na ɗaga baƙin gilashi don in ga inda nake,
hasken ya wanka mini mari.
Tsakar dare idanuna suka cika da yashi.
Jadwiga ta yanka ɗanyen dankali ta ɗora mini,
ba ta ce uffan ba,
shirun nata ya fi yashin ciwo.

Kwana na huɗu aka buga ƙofa da sanda.
Bogumiła ce, ta gidan da ke kallon namu,
wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a cikin cikin jiragen ruwa
tana ɗinke ƙarfe a durƙushe, a rigingine,
har yana ta rufe mata ido, hannu ya kama rawa.
Ta ce, "Tun daga kicin nake jin kana azabtar da shi."

Ta kife bokiti ta zauna, ta ba ni baya.
"Ba sai na gani ba. Kunna.
In tana tari, ka yi nisa.
In ta shaƙe, ka danne ta.
Nemo mini ƙarar ƙwai a cikin mai."

Na nema. Tari. Tari. Shaƙewa.
Tartsatsi ya faɗa mini cikin takalmi,
na yi rawar da ban yi ba ranar aurena.
"Bar kallon tartsatsi," in ji ta, "su 'yan rakiya ne.
Akwai ɗan tafki can ƙasa, bai kai ƙwayar wake ba.
Shi za ka ja, a hankali,
kamar mai lallashin jariri ya taka."

Sai na gan shi.
Ja, mai sheƙi, yana numfashi a cikin duhu,
yana bin hannuna.
Na manta da haɗiyar yawu.

Na ɓalle kashin maƙera da guduma,
muka jira ya huce, ta shafa da babban yatsa.
"Kashin kaji," ta ce. "Sake."
Na sake har ganyen bishiyoyi suka zube,
na huda ƙarfe, na ƙona hannun riga biyu.
Ni da na saba layi ya miƙe, lissafi ya rufe,
ga ni ina murna da tabo.

A Disamba ƙanƙara ta kayar da ita a matakalarta.
Mako uku bokitin yana kife, ba kowa.
Na je da dare da awo da tocila
kamar ɓarawo, na auna matakai biyar.
Bututu uku, gwiwa biyu, sanda goma sha ɗaya,
Jadwiga na riƙe mini da fitila, tana rawar sanyi.

Ranar da aka sallamo ta, ta tsaya a ƙasa,
ta lalubo ƙarfen, ta cire safar hannu,
ta bi ɗinkin da yatsa, gaɓa bayan gaɓa.
"Nan ka yi sauri. Nan ka ji tsoro.
Nan kuma," ta yi shiru,
"nan ƙwai ya soyu."

Sannan ta saki nauyinta duka a kai,
ta hau.