Layi Biyu na Ƙarshe

Ranar Talata aka danƙa mini takardu tamanin da huɗu.
Manaja ya ce, "Tanimu, zaga da su ɗaki-ɗaki,
kamfani na so ya ji abin da jikin ma'aikata ke nema."
Na rungume su, na bi ta bayan injin buga littafi,
inda ƙarar Kakuri ke haɗiye sallama.

Tambaya goma sha biyu, kowacce da akwatinta.
Kana son ɗakin motsa jiki? Sa alama.
Awon hawan jini duk wata? Sa alama.
Tattaki da sassafe?
Nan Baba Istifanus ya yi dariya har ta zame masa tari:
"Tun da kuɗin mota ya hau, daga Sabon Tasha nake takowa,
wane tattaki kuma za a ƙara mini?"

Ladingo mai naɗe takarda ta karɓa da hagu,
hannun dama ya kumbura tun kafin azumi.
Ta tsallake goma sha ɗaya, ta sauka can ƙasa
inda aka ce "Wani abu daban", aka bar layi biyu.
Ta rubuta: kujera mai jingina.
Shi ke nan. Kujera.

Barau maigadi bai yi boko ba.
Ya juya bayan takardar, ya cika ta da ajami,
na tsuguna na karanta da fitilar waya:
fanka a ɗakin gadi, maganin sauro,
da wanda zai ce masa sannu in gari ya waye.

Wani ya sa "albashi kan kari", tsoro ya kama shi, ya soke,
amma tabon biro ya fi rubutun magana.
Wata na so ta shayar da ɗanta ƙarfe goma
ba tare da an ɗaga kai an dubi agogo ba.

Daren Alhamis a Rigasa, an ɗauke wuta,
ina lissafi, yara na barci a kan tabarma.
Manaja kaso yake so, nawa cikin ɗari.
Motsa jiki, tara. Awon jini, hamsin da biyu.
To kujerar Ladingo fa, kashi nawa ce?
Sannun Barau, a wane gida zan zuba ta?
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
mu kuwa mun kai masa tambaya kan launin ƙofa.

Na ƙirga sau uku: tamanin da uku.
Ashe ɗayar tana aljihuna, ta sha gumi, ta lanƙwashe,
tawa ce, ban ko taɓa ta ba.
Bayana na ciwo, idona na yaji,
amma da na kai layi biyun nan
sai na rubuta: a daure a karanta bayan takardun.

Da safe na ɗora ta a sama,
na ƙwanƙwasa ofis.