Shuɗin Fenti

Ran Laraba Alhaji Kyari ya aiko a kira ni.
Ya shimfiɗa takarda a kan goshin motarsa,
ya danne ta da duwatsu huɗu.
Ya ce, “Mutari, a Zango kai ne mai burushi.
Zana mini wannan, mita shida,
yadda ɗan kabu-kabu zai hango daga hanyar Mirya
har ya manta da birki.”

Na duƙa.
Wurin wasan ruwa ne, bayan duwatsun gabas,
sunansa Mashayar Ayari.
Ga raƙumin siminti, tsayin bene uku:
ka hau ta tozo, ka sulalo ta wuya,
ya tofo ka cikin tafki.
Ga kantun gishiri goma sha biyu a jere,
kowanne na fesa ruwa ta ka.
Ga ƙorama da ba ta zuwa ko'ina,
ka kwanta a tayar roba, ta yi ta kewaya da kai
har ta dawo da kai wurin takalmanka.
Can ƙarshe, tafkin da inji zai girgiza
ya tada raƙuman ruwa.
Na yi dariya. Ashe wasu raƙuman sai da inji.

Gefen mata da katangarsa,
na yara iya ƙwauri.
Shiga, jika biyu.

Na ce, “Alhaji, ruwan fa?”
Ya nuna wata yarinya mai hular kwano.
Injiniya Fanna ce, ba ta ɗago daga lissafinta ba.
Ta ce, “Rijiya uku, matata biyu, hasken rana.
Ruwan ɗaya ne, zagayawa zai riƙa yi
kamar kuɗin adashi.”
Ban ce na yarda ba.
Ban ce ban yarda ba.

A unguwarmu famfo na farkawa ƙarfe uku na dare,
in ya ga dama.
Cima ta san tarinsa kamar na jariri,
kafin ya yi na biyu ta kai bokiti.

Kwana tara ina kan tsani.
Ban taɓa ganin teku ba,
sai na ari shuɗi daga sama,
na ƙara da na bula.
Ran na shida Ma'azu ɗan garuwa ya tsayar da kurarsa,
na sayi jarka ɗaya don tsinka fenti.
Ya goge gumi da hula, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, “Raƙumin ya yi.
Amma ruwanka ba shi da nauyi.”
Na ce, “Zane ne.”
Ya ce, “Shekara sha takwas nake tura shi a hawan Birni.
Ko a mafarki yana da nauyi.”
Da ya tafi na buɗe gwangwanin baƙi,
na sa ɗigo uku.
Sai ga tafkin ya zauna.

'Yata Indo ta kawo mini fura,
ta ce in sa ta a ciki.
Na sa ta a wuyan raƙumi,
hannu sama, baki buɗe, kitso a iska.
Ta ƙirga da yatsu, ta ce jika biyu jarka nawa ce?
Na ce ta riƙe mini tsani.

Yanzu allon na tsaye.
Bayansa turaku ne da igiya da farar ƙasa,
da rami ɗaya da ya ci karo da dutse.
Fanna na zuwa kullum da safe, tana aunawa.
Awaki sun gano inuwar,
suna kwance ƙarƙashin teku suna tuƙa.

Ruwan da na wanke burushi
na kawo shi gida a galan.
Cima ta ce kada a zubar.
Ta yayyafa tsakar gida da shi,
har yau in ka shigo da hantsi
za ka ga ƙasarmu da ɗan shuɗi-shuɗi.